Takardar Gwajin Bakin Mahaifa Ta Nuna Ƙwayoyin Da Suka Sauya Kama: Abin Da Za Ki Yi Daga Nan

Wataƙila awon bayan haihuwa ne ya kai ki asibiti, ko tsarin iyali, ko kuma gangamin duba mata aka yi a unguwarku kika bi sahu. An ɗan shafo bakin mahaifarki, aka ce ki dawo bayan mako biyu ko uku. Kin dawo, an miƙo miki takarda cike da Turanci, sista ta ce, "Hajiya, an ga wasu ƙwayoyi da suka ɗan sauya kama, sai kin ga likita." Daga nan ba ki ƙara jin sauran maganarta ba, domin kalmar da ba wanda ya furta ita ce ta cika miki kunne: ciwon daji.

Akwai matar da za ta koma gida ta kasa cin abinci, ta fara tunanin wa zai riƙe mata yara. Akwai kuma wadda za ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katifa, ta ce ai ba inda ke mata ciwo. Ta farko tana shan wahalar da ba ta cancanta ba, saboda mafi yawan irin wannan sakamako ba sankara ba ne. Ta biyun ce take ba ni tsoro. A shekarar 2020 an ƙiyasta cewa mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 kuma ta kashe, alhali cuta ce da ke yin sallama shekaru da yawa kafin ta shigo. Takardar da ke hannunki tana iya zama wannan sallamar, tana kuma iya zama ba komai ba. Aikin da ke gabanki shi ne gano wanne ne, kuma kina da lokacin yin hakan a natse.

Me aka duba tun farko?

Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa, wurin da ke buɗewa jariri ya fito. Fata iri biyu ce ta lulluɓe shi. Ta waje, ƙwayoyinta shimfiɗaɗɗu ne, jere a kan juna kamar saƙar tabarma. Ta cikin ƙofar kuwa dogaye ne, su ke fitar da yauƙin da mace ke gani a tsakiyar wata. Inda fatun biyu suka haɗu akwai wata 'yar iyaka, kuma kusan duk sankarar bakin mahaifa daga wannan iyakar take farawa. Shi ya sa nan ake shafowa da ɗan burushi, a shafa a gilashi ko a zuba a ruwan kwalba, a rina, sannan masani ya zauna ya duba da madubin likita.

Sunan gwajin, wato Pap, an gutsuro shi ne daga sunan George Papanicolaou, likita ɗan ƙasar Girka da ya yi aikinsa a birnin New York na Amurka. Tun 1928 ya nuna cewa ana iya gane ƙwayoyin da suka lalace ta wannan hanya, amma sai bayan 1943 likitoci suka karɓi abin hannu biyu.

Ki ɗauki gwajin nan a matsayin tankaɗe. Rariya tana raba gari da tsaki, amma ba ta gaya miki ko abin da ya rage a kanta tsaki ne ko tsakuwa ba, sai kin sa hannu kin duba. Haka gwajin Pap yake: yana ware matan da ya kamata a ƙara dubawa. Ba ya yanke hukunci, kuma ba a cire wa mace mahaifa a kan sakamakonsa shi kaɗai.

Mataki na farko: nemo haruffan da aka rubuta

Kada ki tsaya a kan "an ga wani abu". Ki karɓi takardar a hannunki, ki ɗauki hotonta da waya, ki nemi wasu manyan haruffa. Yawancin ɗakunan gwaji suna bin tsarin da masana suka amince da shi a garin Bethesda na Amurka a 1988, wanda aka sabunta a 2001 da 2014. Ko a Nijar da Kamaru da Chadi, inda takardar ke fitowa da Faransanci, sau da yawa za ki tarar da waɗannan haruffa ko makamantansu.

Idan kin ga NILM, ba a ga alamar matsala ba, ko da an ƙara da cewa akwai kumburi ko ciwon sanyi. Idan an ce samfurin bai gamsar ba, ƙwayoyin da aka samu ne ba su isa ba, ko jini ya rufe su. Sai a sake bayan wata biyu zuwa huɗu.

ASC-US shi ne wanda aka fi gani, kuma shi ne ainihin abin da ake nufi da "ƙwayoyin da suka ɗan sauya kama". Ma'anarsa a taƙaice: mai dubawa ya ga ƙwayoyin fatar waje ba su yi daidai da lafiyayyu ba, amma sauyin bai kai ya kira su masu cuta ba. Wato shi kansa bai tabbatar ba, ya kuma faɗi gaskiya. A cikin matan da aka rubuta wa ASC-US, waɗanda ake samu da sankara a lokacin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kusan rabinsu ma idan aka bincika ba su ɗauke da ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar, wato HPV.

ASC-H ya yi kama da shi a rubutu, haruffan ƙarshe ne kawai suka raba su da juna, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Nan mai dubawa yana cewa bai tabbatar ba, amma yana zargin sauyi mai zurfi. Mata da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗaukarsa da sauƙi don sun ga ya fara da ASC. Kuskure ne.

LSIL sauyi ne na sama-sama, yawanci alamar cewa ƙwayar cutar HPV tana wurin a yanzu, kuma akasari yana gushewa da kansa. HSIL sauyi ne mai zurfi. Shi ma ba sankara ba ne, amma shi ne wanda idan aka bar shi yake iya komawa sankara, kuma fiye da rabin masu wannan sakamako ana samun abin da ke buƙatar kulawa idan an ƙara bincike.

Sai AGC, wanda ya shafi ƙwayoyin cikin ƙofa masu fitar da yauƙi. Ba a cika ganinsa ba, bai kai ɗaya cikin ɗari na gwaje-gwaje ba. Duk da cewa shi ma kalmar "sauya kama" ce a jikinsa, likitoci ba sa wasa da shi, domin matsalar na iya kasancewa can cikin ƙofar inda ido ba ya kaiwa, ko ma a cikin mahaifar kanta.

Mataki na biyu: tambayi gwajin HPV

Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cuta ɗaya ce silarta, ana kiranta HPV. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Nau'o'inta sun haura ɗari, amma kimanin 14 ne masu haɗari, kuma waɗancan biyun su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar.

Ga abin da ke kwantar da hankali. Mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, sun taɓa ɗaukar HPV ba su sani ba, kuma a wajen kusan tara cikin goma garkuwar jiki tana share ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Sai wadda ta maƙale ta ƙi tafiya ce take fara sauya ƙwayoyin. Daga nan zuwa sankara, a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, ana ɗaukar shekara 15 zuwa 20.

Saboda haka idan takardarki ta ce ASC-US, tambaya mafi amfani da za ki yi ita ce: "Likita, za a iya yi mini gwajin HPV?" Idan aka yi ba a same ta ba, hankalinki ya kwanta, sauyin daga wani abu ne dabam, kuma yawanci sai bayan shekara uku za a sake duba ki. Idan an same ta, sai a wuce zuwa dubawa ta kusa, wadda bayaninta ke tafe. Inda babu wannan gwaji, ko kuɗinsa ya fi ƙarfinki, ana sake gwajin Pap bayan wata 12, wasu asibitocin kuma wata shida. Jiran nan ba sakaci ba ne, ana ba jiki dama ne ya yi aikinsa. Amma sai kin koma jiran zai yi ma'ana.

Dole in tsaya a kan wata magana, domin tana raba aure ba gaira ba dalili. Da zarar an ce ta hanyar saduwa ake ɗaukar HPV, sai zargi ya shigo gida: ita tana kallon maigida, shi yana kallonta, wani lokaci a ɗora wa abokiyar zama. Gwajin ba ya nuna yaushe ƙwayar ta shiga, ba ya nuna daga wa. Tana iya kwanciya shiru shekaru masu yawa, tun daga auren fari na ɗaya daga cikinku, sannan ta bayyana. Macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗauke da ita, mijin ma ba lallai ne ya taɓa keta haddi ba. Babu gwajin da ake yi wa maza a kai a kai, babu kuma maganin da ke kashe ƙwayar kanta. Abin da ake magancewa shi ne ɓarnar da ta yi a fata. Idan za ki gaya wa maigida, ki faɗa kai tsaye: "Baban Amina, gwajin ya nuna wani sauyi da likita ke so ta ƙara dubawa tun bai zama matsala ba. Ina so ka raka ni ka ji da kunnenka." Idan kuma kuna da yawa a gidan, alheri ne babba ki sa a kai sauran su ma a duba su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Mataki na uku: gaya wa likita abin da ba a tambaye ki ba

Abubuwa da yawa suna sa ƙwayoyi su yi kamar sun lalace alhali fushi kawai suka yi. Ciwon sanyi mai ƙaiƙayi ko mai fitar da ruwa mai wari yana yin haka. Bayan ɗaukewar al'ada fatar wurin takan yi siriri ta bushe, kuma a ƙarƙashin madubi sai ta yi kama da mai matsala. Wani lokaci likita kan ba da man shafawa mai sinadarin mata na ɗan lokaci sannan a sake gwajin. Shayarwa ma takan jawo irin wannan bushewar. Haka robar tsarin iyali da ake sakawa a mahaifa. Idan kin tashi a bakin rafi ko madatsar ruwa, kin taɓa yin fitsarin jini, ki faɗa, domin tsargiya tana taɓa bakin mahaifa, tana sa shi zubar jini da wasu tabbai da kan rikita mai dubawa.

Sai batun matsi da sauran kayan mata da ake cusawa, da wanke ciki da ruwan bagaruwa ko alif ko sabulu. Na san kunya ba ta barin mace ta ambaci wannan a gaban likita, musamman namiji. Amma abubuwan nan suna ƙona fatar wurin, suna kashe ƙwayoyin da ke kare ta, suna kuma iya ɓata sakamako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki faɗa ko da sista ce za ki ja gefe. Kuma kafin a sake kowane gwaji, ki yi kwana biyu ba saduwa, ba cusa magani, ba wanke ciki, ki kuma zaɓi ranar da ba kya cikin jinin al'ada.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki tsaya a kemis ki sayi maganin sanyi, ki sha, ki ce an gama. Ƙaiƙayi zai iya tafiya, amma maganin sanyi ba ya taɓa HPV ko sauyin da ta kawo. Haka jiƙo da tsimi. A yi addu'a, a kuma koma asibiti.

Mataki na huɗu: ranar kolposkofi

Idan sakamakonki ASC-H ne, ko HSIL, ko AGC, ko ASC-US tare da HPV, ko ASC-US da ya sake fitowa karo na biyu, za a tura ki kolposkofi, wato duba bakin mahaifa da na'ura mai ƙara girman abu. LSIL ma yawanci nan ake tura shi, sai dai idan shekarunki ba su kai 25 ba, inda akan jira shekara guda a sake gwaji, domin jikin matashiya yana saurin share ƙwayar. Masu HSIL da ASC-H da AGC, kada ku bari abin ya wuce 'yan makonni.

Ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Akan same ta a sashen likitocin mata na manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ki karɓi takardar turawa, ki tambayi ranar da suke yin wannan aiki da kuɗinsa tun kafin ki hau mota, don kada ki yi doguwar tafiya a ce ki dawo wani mako.

Sunan ya fi aikin ban tsoro. Ba tiyata ba ce, ba a sa mutum barci. Za ki kwanta kamar yadda kika yi ranar gwajin farko, a saka ƙarfen nan ko robar da ke buɗe gaba. Na'urar kanta madubi ne mai fitila da ke tsayawa a waje, ba ta shiga jikinki. Likita zai shafa wani ruwa mai tsami, dangin ruwan kal, wanda ke sa wurin da ya sauya ya yi fari. Zai ɗan yi miki raɗaɗi kaɗan. Wani lokaci a ƙara da ruwan aidin, wanda lafiyayyar fata ke sha ta yi duhu, mai matsala kuma ta ƙi. Duka-duka minti 15 zuwa 20 ne.

Idan an ga wurin da ake zargi, za a tsinko ɗan nama da bai fi ƙwayar shinkafa ba a kai ɗakin gwaji. Za ki ji kamar mintsini ko murɗar mara. Ki tafi da audugar mata, domin za ki ga ɗigon jini ko wani ruwa mai duhu na kwana biyu ko uku. Akwai jita-jitar cewa idan aka taɓa ciwo da ƙarfe yaɗuwa yake yi. Ba gaskiya ba ne. Abin da ke faruwa shi ne mata da yawa ba sa zuwa sai cuta ta riga ta yi nisa, sai a ɗora laifin a kan ɗan naman da aka tsinka.

Mai sakamakon AGC za a ƙara shafo mata cikin ƙofar, kuma idan ta kai shekara 35 ko tana zubar jini ba bisa ƙa'ida ba, za a ɗauki samfur daga cikin mahaifar ma.

Kina da haƙƙin ki nemi mace ta duba ki idan akwai, ko a tsayar da sista a ɗakin. Idan babu likita mace, ina roƙonki kada wannan ya hana ki. Lalura ce.

Mataki na biyar: sakamakon naman da aka tsinka

Wannan ne hukunci na gaskiya. Idan an sami sauyi, za ki ga CIN da lamba 1, 2 ko 3 a gabansa. Lambar tana nuna zurfin da sauyin ya yi a cikin kaurin fatar. Ki lura da kyau: waɗannan lambobi ba matakan ciwon daji ba ne. Mace takan ji "CIN 3" ta ɗauka sankara ce mataki na uku, ta yanke ƙauna. A dukkan ukun ƙwayoyin suna nan a saman fata, ba su huda ciki ba.

CIN 1 yawanci ba a taɓa shi, ana sa ido ne a sake dubawa bayan shekara, domin akasarinsa yana warkewa da kansa. CIN 2 yana tsakiya: kusan rabinsa yana komawa daidai cikin shekara biyu, musamman ga mata 'yan ƙasa da shekara 30, don haka matashiyar da ke son haihuwa likita na iya ba ta zaɓin a riƙa duba ta duk wata shida. Wannan zaɓi na wadda ta tabbata za ta riƙa dawowa ne. Idan garinku da nisa, ko kin san samun izini da kuɗin mota zai yi wuya, ki gaya wa likita gaskiya, a yi maganin kawai.

CIN 3 kuwa ana magance shi, babu jira. Yadda aka san haɗarinsa labari ne mai ɗaci. A birnin Auckland na ƙasar New Zealand, daga 1966, wani likita ya bar mata masu irin wannan sauyi ba tare da cikakken magani ba, yana ganin ba zai zama komai ba. An kafa kwamitin bincike a 1987, kuma da aka bi diddigin matan daga baya, an gano kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ba a yi wa magani ba sun kamu da sankara cikin shekara 30. A cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Mataki na shida: maganin, da tambayar haihuwa

Hanya biyu ce: ko a kashe fatar da ta sauya a inda take, ko a yanko ta. Ta farko ana yin ta da sanyi mai daskarewa, ko da wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 da ake ɗorawa na ƙasa da minti ɗaya. Ta dace da ƙaramin wuri da ake ganinsa gaba ɗaya. Ta biyu, wadda za ki ji ana kira LEEP ko LLETZ, ana yin allurar kashe zafi a wurin, sannan a yanko fatar da wata siririyar waya mai lantarki. Amfaninta shi ne ana kai abin da aka yanko ɗakin gwaji a tabbatar an cire duka. Yawanci a ranar za ki koma gida, kuma kusan tara cikin goma sun rabu da matsalar da yi ɗaya.

Tambayar da ke zuciyar kowace mace ita ce, "Zan sake haihuwa?" E, mahaifarki tana nan, kuma aikin ba ya hana ɗaukar ciki. Abin da ya kamata ki sani shi ne yankan, musamman idan ya yi zurfi ko an maimaita shi, yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini. Don haka duk cikin da kika samu nan gaba, ki gaya wa masu awo tun zuwan farko cewa an taɓa yi miki wannan aiki. Idan wani ya ce a cire mahaifa gaba ɗaya alhali ba a yi kolposkofi ba, ba a tsinki nama ba, ki nemi ganin wani likitan mata kafin ki sa hannu.

Bayan aikin za ki ga ruwa-ruwa ko ɗan jini har mako biyu zuwa huɗu. Mako huɗu ba saduwa, ba cusa komai, ba shiga ruwan zafi a zauna. Zai fi kyau maigida ya ji wannan daga bakin likita. Idan jini ya fi na al'ada yawa, ko kina ganin gudaji, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara mai tsanani, ki koma asibiti a ranar.

Waɗanda lissafinsu ya bambanta

Mai juna biyu za a iya yi mata kolposkofi ba tare da cutar da ciki ba. Idan ba a zargin sankara, akan bar maganin sai bayan ta haihu da kamar mako shida, a sake dubawa. Ki haɗa shi da fita arba'in don kada ki manta.

Mai ɗauke da cutar HIV ba ta da dogon lokacin da sauran ke da shi. Haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma idan garkuwa ta yi rauni tafiyar shekara 20 tana iya komawa 5 zuwa 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara duba irin waɗannan mata daga shekara 25, sauran kuma daga 30. Ko da ASC-US kawai aka gani, ki gaya wa likitan mata matsayinki, ki kuma riƙe shan maganinki kullum. Mai shan taba ita ma ta sani hayaƙin yana hana jiki share ƙwayar.

Mai zubar jini kuwa, duk maganar jira ba ta shafe ta ba. Jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani: ko takardarki ta ce komai lafiya, ki je likita ya duba bakin mahaifar da idonsa, domin gwaji ɗaya yana iya tsallake matsala. Mata da yawa idan jini ya ƙi ɗaukewa malam suke fara tambaya, ko istihala ce, ko za su yi salla. Wannan tambaya tana kan hanya. Amma malam hukuncin sallar zai ba ki. Sanin abin da ke kawo jinin sai asibiti.

A wasu asibitocin, musamman na karkara, ba gwajin Pap ake yi ba. Ruwan tsamin nan ake shafawa a duba da ido, idan wuri ya yi fari a magance shi nan take. Hanya ce karɓaɓɓiya, an tsara ta ne saboda matan da dawowa ke yi wa wuya.

Mataki na bakwai: ranar komawa

Ko an yi miki magani ko an ce a jira, kada ki bar ɗakin likita sai kin ji wata da shekarar da za ki dawo, da sunan gwajin da za a yi. Bayan magani akan sake dubawa cikin wata 6 zuwa 12, zai fi kyau da gwajin HPV. Wadda aka yi wa maganin CIN 2 ko 3 za ta ci gaba da zuwa gwaji shekaru masu yawa, a Amurka ƙa'idar ita ce aƙalla shekara 25, domin sauyin kan iya dawowa.

Ba kowane asibiti ne zai kira ki a waya ba, kuma kati yakan ɓace. Ki sami leda ɗaya ki tara duk takardun a ciki: sakamakon Pap, na HPV, na naman da aka tsinka, da bayanin aikin da aka yi miki. Ki ɗaura ranar komawa a jikin abin da ba ya wuce ki, misali mako biyu bayan Babbar Salla, ki kuma gaya wa 'yar'uwa ɗaya da za ta tuna miki.

Idan kina da 'ya mace mai shekara 9 zuwa 14, ki tafi da ita ranar. Tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta sa allurar rigakafin HPV cikin jerin alluran da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati, sau ɗaya ake yi, kuma tana kare yarinya daga nau'i na 16 da na 18. Ki tambaya a ɗakin rigakafin yara, ki karɓo katin ki haɗa shi da takardunki a cikin ledar.